Ludayin Goggo Dela

Ku matso kusa, 'yan uwana mata. Labarin yau ba na kuka ba ne, ko da yake na sha kukan a makonnin nan har hancina ya toshe. Wadda yau ta fara karanta ni, sunana Hamdiya, 'yar Malam Arzika tela, haifaffiyar Dakoro. Shekarata ashirin da shida, kuma a gidanmu wannan adadin ya zama wani ciwo da dangi suke zuwa duba ni a kansa. Ƙanwata ta yi aure har ta yi yaye. Ni kuwa ina rumfar bayan ɗaki da tukunya da muciya, ina haɗa man shafawa na ƙafa.

E, na ƙafa na ce, ku daina dariya. Shekara biyu na yi a Maraɗi ina tsaron wata farmasi, a can matar mai wurin ta koya mini haɗa pomad. Da na dawo gida na duba, sai na ga abin da yake cin matan garinmu ba rashin hasken fata ba ne. Mai tuyar ƙosai, malamar lakwal, wato makarantar boko, mai awon hatsi a kasuwa, kowacce kafin la'asar ƙafarta ta yi nauyi, ta kumbura, jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu a bayan ƙwauri. Ba mai magana, sai dai kowacce ta ja zane ta rufe.

Haɗina ba wani asiri ba ne: man kaɗe, man aduwa, kakin zuma, sai gari. Garin kuwa na 'ya'yan wani itace ne da ba ya fitowa a ƙasarmu. A hoto kawai na taɓa ganin ƙwallonsa, ja mai sheƙi kamar goron da aka goge da mai. Ɗanyensa guba ne, sai an tace shi a masana'anta ya fito gari mai launin ƙasa, mai ɗacin tsiya, in aka kaɗa shi a ruwa har kumfa yake yi. Manyan kamfanoni ganga-ganga suke sayensa, wasu su ɗura shi a ƙwayoyin sha, wasu su sa a man shafawa. A jikin ledar an rubuta marron d'Inde, mu kuma muka raɗa masa garin maro. Ni kilo ɗaya yakan kai ni wata shida. Ban taɓa cewa yana warkar da kowa ba, wadda ma ƙafarta guda ce ta kumbura likita nake tura ta. Amma da yawa sukan dawo su ce sun ji sauƙin nauyin.

Ta dalilin wannan garin na haɗu da Zakiru.

Autan Hajiya Cindo ne, babbar 'yar kasuwar hatsin nan, shi yake bin kamyon gidansu, babbar motar kaya, tsakanin Dakoro da Maraɗi da Kano. An ba shi saƙon ledata daga Kano ya kawo mini. Da ya iso ƙofar gidanmu sai na ga ya naɗe ta a cikin bargonsa, wai ya ga an rubuta kada ta sha zafi ko danshi. Dogo ne, baƙi, ba ya gaggawar magana, kullum da biro a aljihun gaba.

"Nawa kike zubawa a tukunya guda?" ya tambaye ni.

"Cokali biyu."

"Wane cokali?"

"Cokali dai."

"Na shayi ko na shinkahwa? A shafe ko da tozo?"

Haushi ya kama ni, na karɓe ledata na shige gida. Da ya dawo daga tafiya ta gaba, sai ga shi da ɗan ma'auni mai aiki da pil, wato batir, bai fi tafin hannu ba, yana auna har rabin giram. Ranar gidanmu an yi dariya har da riƙe ciki. Inna ta ce wasu ana kawo musu turare da leshi, ni an kawo mini abin awon zinariya babu zinariyar. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, a ranar na fara son sa. Shi ne namiji na farko da ya dubi tukunyata bai ga wasan yara ba. Daga nan na daina aiki da cokali. Giram goma sha biyar a rabin kilon mai, ba ƙari ba ragi, kuma duk lokacin da na ɗiba sai na auna abin da ya saura na rubuta a jikin ledar.

Yanzu bari in gabatar muku da Goggo Dela, yayar Baba, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Shekara talatin tana awon hatsi a kasuwar Dakoro. Tiyar Goggo ba ta taɓa fita a shafe ba. Sai ta cika ta ta yi tozo, ta juye, sannan ta ɗebo hannu guda ta ɗora gyara, wani lokacin ta sake ɗorawa tana yi wa mai saye faɗa wai buhunsa ya cika ƙanƙanta. Tun daga Kornaka har Azagor an san hannunta. A shekarar da hatsi ya yi wuya, gyaran Goggo shi ne tuwon dare a gidaje da yawa, ni da kaina na ji mata suna faɗa. Ba ta tara komai ba a sana'ar, ko akuya. A wurinta, wanda ya ba mutum abu daidai wa daida bai ba shi komai ba.

To, ranar wata Lahadi da hantsi mesaj ɗin Zakiru ya shigo.

"Kawu Zakariya ya yarda su zo da goro Asabar ta sama. Saura bakin Hajiya."

"Mi ta ce?" na rubuta.

"Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ce ƙahwarta ta dame ta, wai ina man da ɗiyar Arzika ke yi."

Da na karanta wa Inna, guɗa ce kawai ba ta yi ba. Nan take ta sa Baba ya ajiye ɗinkin mutane ya hau yi mini riga da atamfar da take ɓoyo a ƙasan akwati, shuɗiya mai zanen ganye ruwan ƙwai.

Washegari da sassafe na hura gawayi. Na narka kakin zuma da man kaɗe, na tsiyaya man aduwa, na auna garina na dama shi a ɗan ruwan ɗumi. Goggo tana kan kujera 'yar tsugunne tana kallona, ta tallafe haɓa.

"Wanga ɗan abu za ki kai ma uwar miji?"

"Haka awon yake, Goggo."

"Awon wa? Ko kaza ba ta ƙoshi da shi."

"Ba ci za ta yi ba, Goggo, shahwawa za ta yi."

Ta taɓe baki. Ina cikin juyawa Inna ta ƙwala mini kira daga ɗaki, wai in zo in gwada riga kafin Baba ya datse hannun. Na ce tana zuwa. Ta sake kira, wannan karon da cikakken sunana. Sai na miƙa wa Goggo muciya.

"Don Allah ki yi ta juyawa kada shi kama. Kada ki taɓa komi."

"Ni za ki koya ma tuƙi? Tahi."

Minti goma na yi niyya. Amma kun san Inna da madubi. A rage nan, a saki can, ɗaura ɗankwalin mu gani, a'a wancan mayafin ya fi. Da na dawo, Goggo ta sauke tukunya har ta ɗura man a roba, ta danna shi ya yi tozo, murfin da kyar ya rufu. Na lura launinsa ya ɗan fi na kullum duhu. Na ce a raina sabon man kaɗen ne. Hankalina yana kan riga, gaskiyar ke nan, ban ko auna ledar ba na ɗaure bakinta na ajiye.

Da la'asar na tafi gidan Hajiya Cindo cikin shuɗiyar atamfata da farin mayafi, na sa kwalli, na shafa humra kaɗan. Tana zaune a kan darduma a inuwar dogon yaro, ƙafafunta a miƙe. Yatsu shida ne a hannunta na hagu, a kasuwa ana cewa da na shidan take gane buhun da aka rage wa hatsi. Na durƙusa tun daga nesa. Ƙa'idata ita ce, duk wadda za ta fara shafa maina sai na ɗiga mata kaɗan a cikin hannu, a jira kwana guda a gani. Amma ku gaya mini, da wane baki zan ce wa uwar Zakiru ta miƙo hannunta? Na ajiye robar a gefen darduma, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na fito ina tuntuɓe da mayafina.

Ranar Laraba da safe ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Vokal ne, wato saƙon murya, daga Sadiya, yayar Zakiru, da hoto a ƙasansa.

"Ke Hamdiya, mi kinka zuba cikin wanga mai? Dubi ƙahwar Hajiya! Kwana biyu tana shahwawa, yanzu ko zane ba ta iya bari shi taɓa ta. Muna hanyar likita."

Na buɗe hoton. Daga idon sawu har gwiwa ja wur, da ƙananan ƙuraje. Kwanon da yake hannuna ya suɓuce. Na mayar mata da vokal, na ce a wanke da ruwa zalla, kada a ƙara shafawa, a tafi da robar a nuna wa likita. Ta saurara, alamar ta yi shuɗi, ba ta amsa ba.

Sai kiran Zakiru, daga hanyar Maraɗi, rezon waya yana yankewa. Na ɗauka ina jiran faɗa.

"Kin yi kuka?"

"Ina kai."

"To dakata da shi tukuna. Hannunki ba shi kuskuren awo, na sani. Kin auna abin da ya saura a leda?"

Na ruga rumfa. A jikin ledar rubutuna na ƙarshe yana nan, in aka cire na ranar Litinin, giram ɗari shida da arba'in ya kamata a samu. Na ɗora ta a ma'auni. Ɗari biyar da tamanin. Na sauke, na goge ma'aunin, na sake ɗorawa. Bai canza magana ba.

Goggo tana tsakar gida tana tsintar wake.

"Goggo, ranar Litinin kin taɓa ledata?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Gyara na yi miki. Ludayi guda tal. Da kin kai ma Cindo wancan ɗan mitsitsin abu, da ta ce gidan Arzika marowata ne."

Na nuna mata hoton. 'Yan uwa, ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Tiren waken ya zame daga cinyarta. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana salati, hawaye suna bin kumatunta.

"Ni na yi wanga? Ni Dela? Alheri hwa na yi nuhi."

Ta miƙe tana laluben mayafi, wai yanzu za ta je ta faɗi a gaban Hajiya. Inna ta tare ƙofa.

"Ba inda za ki, Yaya. In anka ji ke ce, gobe a kasuwa cewa za a yi dangin yarinya sun sa ma uwar yaro wani abu a mai. Wa za shi tsaya jin zancen gyara?" Ta juyo kaina. "Ke kuma saurara. Garin nan wa ya kawo shi? Ba ɗanta ba? Ki ce ya lalace a mota, zahi ya buge shi. Uwa ba ta riƙe ɗanta a zuci."

"Inna, garin lahiyarshi lau."

"Shekara ashirin da shidda, Hamdiya! Gari za ki aura?"

Na shige ɗaki na faɗa kan katifa. Ba zan yi muku ƙarya ba, shawarar Inna ta zauna mini. Mai sauƙi ce, ba wanda zai ji kunya. Na rubuta wa Zakiru duk abin da ya faru, har da abin da Inna ta ce. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"In kin hwaɗi haka, ni ba ni ƙaryata ki gaban kowa, na ɗauka. Amma daga ranar ba macen da za ta ƙara shahwa manki a Dakoro, kuma ke kin san ba laihin garin ba ne. Abin da kinka zaɓa ina bayanki."

Na karanta ya fi sau goma. Wannan bawan Allah ya shimfiɗa mini bayansa in taka, amma bai ɓoye mini inda zan faɗa ba. Na tuna matan da suke aiko da robobinsu wankakku duk ƙarshen wata. Na tashi na wanke fuska.

Ranar Alhamis bayan la'asar na sa baƙar abaya mara ado, ba kwalli ba humra. Na saka ma'auni da ledar gari a jaka. Inna ba ta amsa sallamata ba.

Hajiya Cindo tana falonta, an ɗora ƙafafunta a kan matashi, an shafe su da wani farin ruwan magani na likita. Likitoci sun ce fatar ce ta ƙi abin, za ta lafa cikin 'yan kwanaki. Sadiya tana gefe tana yi mata fifita, kallon da ta yi mini kaɗai ya isa ya mayar da mutum gida. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Hajiya, ina wuni. Ya jiki?"

"Jiki ga shi kina gani. Matso."

Na matsa da gwiwa.

"Garin da autana ya kawo miki ne ya lalace?"

Ga ƙofa a buɗe, ita da kanta ta buɗe mini. Kalma ɗaya ce, e. Na ji muryar Inna a kunnena.

"A'a, Hajiya. Garin lahiyarshi lau. Yawanshi ne ya wuce ƙa'ida, ninki biyar."

"Wa ya zuba?"

"Tukunyata ce, ni na tashi na bar ta kan wuta. Na ga launi ya sake ban bincika ba. Kuma ya kamata in gwada miki a hannu tukuna, kunya ta hana ni. Ki gahurce ni."

"Ba shi na tambaye ki ba. Wa ya zuba?"

Na sunkuyar da kai ina kallon zanen kafet. Fankar sama tana juyawa, Sadiya ta daina fifita. Na ƙudura a raina ko za a kwana a nan sunan Goggo ba zai fita daga bakina ba.

Sai na ji wani sauti. Na saci kallo. Hajiya ce take dariya, kafaɗunta suna girgiza.

"Dela," ta ce. "Tun da na ga robar murhi ba shi ruhuwa na ce wanga da hannun Dela. Shekara goma sha biyu muna layi guda a kasuwa kahin in koma sari. Kullum ina ce mata, Dela, tiyarki za ta kai ki ƙasa. Ita ba ta kai ƙasa ba, ni ta kai." Ta share ido da gefen mayafi, fuskarta ta koma yadda take. "Mi ke cikin jikkar?"

Na fito da ma'auni.

"Auna in gani. Yadda kike yi."

Na shimfiɗa 'yar takarda a kai, na danna ya koma sifili. Na riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan da bakin cokali. Sha uku. Sha huɗu da rabi. Sha biyar. Na tsaya. Ta sa Sadiya ta miƙo mata tabarau, ta leƙa ɗan tulin da bai cika tafin jariri ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Hajiya, na rabin kilo. Shi ma ba yanzu ba. Sai ƙahwar ta warke sarai, in zo in ɗiga miki a hannu mu kwana mu gani."

"To na ji. Ɗora gyara."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Gyara na ce. Ko barkono na saya a kasuwa ana ɗora mini. Ni ce hwa, uwar Zakiru. Ɗan kaɗan, bakin cokali."

Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san nauyin abin. Mai tallan gyaɗa ma ba ta hana babba gyara, balle yarinyar da take neman shiga gidan. Cokalin yana hannuna, garin yana gabana. Rabin giram ba zai kashe kowa ba, na sani. Amma ƙafafunta suna gabana su ma, fari fat da maganin likita. Na ajiye cokalin a kan kafet.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wagga tukunya ba ta da gyara. Ko Innata ce ta roƙa."

Sadiya ta ce, "Lallai!"

Hajiya ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta miƙo hannun hagu, ta taɓa gefen ma'aunin da ɗan yatsan nan na shida, lambobin suka motsa, ta janye suka koma sha biyar.

"Tashi ki tahi gida, rana ta yi sanyi. Ki gaida Dela."

Haka na fito, ban san ko na ci ko na faɗi ba. Da na ba Inna labari ta ɗora hannu biyu a ka.

"Kin hana uwar miji gyara? A cikin ɗakinta? Wayyo ni, wa ya yi mini baki a kan ɗiyar nan?"

Kwana takwas aka yi a haka. Inna ba ta yi mini magana sai ta bakin Goggo. Goggo kuwa ta daina zuwa kasuwa, ta rame, kullum tana kan sallaya. Zakiru da kansa bai san komai ba.

"Na tambaye ta, ta ce in je in duba tayar kamyo," ya rubuto mini, da ɗan hoton fuska mai gumi.

"Ƙahwar hwa?"

"Ta washe. Jiya har sito ta taka da kanta."

Ranar Asabar Inna ta share tsakar gida sau biyu tana cewa ita ba don kowa take yi ba. Baba ya sa babbar rigarsa ya zauna a zaure, wai iska yake sha. Azahar ta wuce. Na shige rumfata na zauna kusa da tukunya, na rungume gwiwa. Ina jin kiran la'asar na ce shi ke nan, na fara shirya yadda zan goge lambarsa.

Sai ƙarar mota a ƙofar gida. Sai sallamar maza, muryar Kawu Zakariya a gaba.

Ban san lokacin da na leƙa ta jikin zana ba. Maza suka tsaya a zaure wurin Baba. Sadiya ce ta shigo cikin gida, ta sha leshi ruwan hoda da sarƙa, ɗauke da ƙwarya an rufe da farin ƙyalle. Ta dire ta a gaban Inna da Goggo. Goro ne, jajaye da farare, manya-manya, an yayyafa musu ruwa. Goggo ta kasa haƙuri, hannunta ya saba, ta hau ƙirga biyar-biyar. Ta gama, ta sake.

"Ɗari cif," ta ce a hankali. "Ko guda ba su ɗora ba."

Sadiya ta yi murmushi, karon farko da na ga haƙoranta. "Hajiya da kanta ta ƙirga. Ta ce a hwaɗa ma Hamdiya, nata ke nan, ba ƙari ba ragi, yadda take so. Ta ce shekara arba'in tana neman wanda za shi ce mata a'a kan awo, ba ta samu ba sai a gidan Arzika."

Sannan ta kwance wani ƙulli daga bakin mayafinta ta ajiye a cinyar Goggo. Goro ne cike da hannu biyu, har suna gangarowa.

"Wanga kuma gyaran Dela ne. Ta ce nan ne wurinshi."

Goggo ta rufe fuska da ƙullin tana kuka tana dariya. Inna ta saki guɗar da ta riƙe mako biyu, har kajinmu suka watse. Ni kuwa ina bayan zana, na cusa bakin mayafi a baki don kada a ji ni. Wayata ta yi motsi a cinyata.

"Kin ji?"

"Na ji."

"To saura. Hajiya ta ce jibi ki zo da balans ɗinki na awo da tukunya. Ta tara matan layin hatsi su goma sha ɗaya, duk masu ciwon ƙahwa, a tsakar gidanta za ki haɗa su gani, kuma kowacce sai ta miƙo hannu an gwada, ita ce ta hwarko. Ta ce Dela za ta riƙe miki muciya."

Na ɗago kai a hankali. Baƙi ba su ko tashi ba, amma Goggo Dela ta riga ta share hawayenta. Tana tsugune a bakin randa, ta zage, tana wanke babban ludayinta.